Ka'idar Pythagoras Ta Girmi Mai Sunanta

A Jami'ar Columbia da ke birnin New York akwai wani ɗan allon yumɓu da bai wuce tafin hannu ba, ana kiransa Plimpton 322. Daga Larsa ya fito, a kudancin Iraƙi ta yau, kuma an rubuta shi wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Layuka 15 ne na lambobi a jikinsa. Layin farko yana ɗauke da 119 da 169. Ninka 169 da kansa, ka cire 119 da aka ninka da kansa, za ka samu 14,400, wato 120 sau 120 cif.

Waɗannan lambobi uku, 119 da 120 da 169, suna bin ka'idar da ake koya wa yara a sakandare da sunan Pythagoras: a duk alwatika mai kusurwar digiri 90, idan aka zana murabba'i a kan kowane gefe, faɗin wanda ke kan gefe mafi tsawo daidai yake da jimillar faɗin sauran biyun. Shi kuwa Pythagoras, mutumin tsibirin Samos na Girka, sai wajen shekara 570 kafin Miladiyya aka haife shi, fiye da shekara dubu bayan an rubuta allon. Bai bar rubutu ko ɗaya ba. A Indiya ma littafin Baudhayana ya bayyana ka'idar don masu gina wuraren hadaya, Sinawa kuma suna da ita a tsofaffin littattafansu.

Har gobe birkila yana aiki da ita a wajen fitar da harsashin gini: ƙafa 3 nan, ƙafa 4 can, in tsakaninsu ya ba da ƙafa 5 to kwana ta zauna. Uku sau uku tara, huɗu sau huɗu sha shida; tara da sha shida, ashirin da biyar, wato biyar sau biyar.

Abin da Girkawa suka ƙara shi ne hujja, kuma a ganina nan darajar lamarin take. Gwada alwatika dubu ba ya tabbatar da cewa ta dubu da ɗaya za ta bi sahu. Euclid, wanda ya koyar a Iskandariya wajen shekara 300 kafin Miladiyya, ya kafa dalilin da ya rufe ƙofar shakka a mas'ala ta 47 ta kashin farko na littafinsa. Akwai ma hanya mai sauƙi da kowa zai iya gwadawa da kwali. Yanko alwatika huɗu iri ɗaya, ka jera su a kusurwoyin babban murabba'i mai gefen da ya kai tsawon gajerun gefuna biyu a haɗe. Filin da ya rage a tsakiya shi ne murabba'in dogon gefe. Sake jera su bibbiyu, sai ragowar filin ya zama ƙananan murabba'ai biyu. Ba a ƙara komai ba, ba a rage ba, don haka dole su yi daidai.

A Bagadaza, Hajjaj ibn Matar ya fassara littafin Euclid zuwa Larabci a zamanin Haruna Rashid, sannan Sabit ibn Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya faɗaɗa ka'idar ta shafi kowace irin alwatika.

Yana damuna a ce yaro ya haddace ka'idar don cin jarrabawa alhali ba a taɓa nuna masa dalilinta ba. Malaman lissafi, ku shiga aji da kwali da almakashi, ku bar ɗalibai su gano hujjar da hannunsu.