Me Ya Sa Hadari Ke Tasowa Daga Gabas?

Duk mazaunin Unguwar Shanu, a arewacin birnin Kaduna, ya san cewa idan hadari ya haɗo a watan Afrilu ko Mayu, galibi daga gabas yake tasowa. Amma masana yanayi sun tabbatar cewa ruwan da ke cikinsa daga kudu maso yamma ya zo, wato daga Tekun Atilantika. To, yaya aka yi haka?

Amsar tana ga wasu manyan iskoki biyu da ke karɓa-karɓa a sararin Nijeriya. Ta farko busasshiya ce, daga hamadar Sahara. Ita ke kawo hunturu da hazo, wanda yawancin ƙurarsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take. Ta biyu kuwa mai laima ce, daga teku. Da bazara, rana takan gasa ƙasar arewa, iskar da ke bisanta ta yi zafi, ta rage nauyi, ta tashi sama. Sai iskar teku ta kwararo ta cike gurbin, ta kutsa ƙarƙashin busasshiyar.

Idan iska mai laima ta hau sama sai ta huce, domin zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000. Tururin cikinta ya rikiɗe ya zama ɗigon ruwa, ya saki zafin da ya ɗebo tun daga teku. Wannan zafi shi ke ƙara ingiza gajimare sama, har ya zarce kilomita 10. A tsayin kilomita 3 zuwa 4 kuma akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Ita ce ke koro hadarin. Ashe ke nan teku ke ba da ruwa, iskar sama ke zaɓa masa hanya.

Sanin wannan yana da amfani. Iskar nan mai sanyi da ke riga ruwa isowa, daga cikin hadarin take faɗowa, kuma ita ke yaye kwanon gidaje. Don haka a ƙarfafa rufi, musamman ta fuskar gabas, tun kafin Afrilu. Manomi kuma kada ruwan fari ya ruɗe shi, domin iyakar iskokin biyu takan ja da baya, shuka ta ƙone.

Malamai na iya fita da ɗalibai da hantsi su lura da inda ƙananan gizagizai suka nufa, sannan su kwatanta da inda hadarin la'asar ya ɓullo.