Murya Biyu Kamar Ɗaya: Labarin Simon Da Garfunkel

Daga Wakilinmu na Arewa

Mu a ƙasar Hausa mun saba da waƙar amshi. Marigayi Alhaji Mamman Shata ya ja baiti, 'yan amshi su karɓa, kalangu na tashi. To, a Amurka akwai wani salo dabam, watau haɗin murya: mutum biyu ko uku su rera baiti ɗaya a lokaci ɗaya, wannan muryarsa sama, wancan ƙasa, har mai sauraro ya kasa rarrabe su. Aiki ne mai wuya, domin tilas kowa ya kasa kunne ga ɗan'uwansa, har numfashi tare suke ja.

Waɗanda suka yi fice da wannan salo a waƙoƙin zamani su ne Everly Brothers, wa da ƙane, Don da Phil, waɗanda waƙarsu "Bye Bye Love" ta game gari a 1957. Su ne wasu yara biyu 'yan makaranta a unguwar Queens ta birnin New York suka zauna suna kwaikwayo. Sunansu Paul Simon da Art Garfunkel, dukansu haihuwar 1941.

Farkon al'amarin bai yi musu daɗi ba. Faifan da suka fitar a 1964 bai sami kasuwa ba, har Simon ya tattara jitarsa ya tafi Ingila. A 1965 sai Tom Wilson, wanda ya shirya musu faifan, ya ɗauki waƙa ɗaya daga ciki, "The Sound of Silence", ya ƙara mata ganguna da jita mai lantarki ba tare da ya shawarce su ba. Cikin watan Janairu na 1966 ta zama ta ɗaya a Amurka. Wannan gamin waƙar gargajiya da kiɗan zamani shi ne salon da ƙungiyoyi irin su The Byrds da The Mamas and the Papas suka shahara da shi a shekarun nan.

Amma fa an ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Simon ke rubuta waƙoƙi, Garfunkel kuwa Allah ya ba shi zazzaƙar murya. A 1969 Garfunkel ya tafi Meziko wasan sinima, ya bar abokinsa yana jira wata da watanni. Waƙarsu mafi girma, "Bridge over Troubled Water", Simon ne ya rubuta ta, ya kuma matsa wa Garfunkel ya rera ta shi kaɗai. Daga baya da bakinsa ya faɗi cewa yakan ji zafi in ya ga jama'a na tafa wa abokinsa a kan waƙar da shi ya tsara. Faifan ya fito a 1970, a shekarar kuma suka rabu.

Ran 19 ga watan Satumba 1981 suka sake haɗuwa a filin Central Park na New York, inda aka ƙiyasta mutum wajen 500,000 suka hallara. Duk da haka jituwar ba ta ɗore ba. Su ma malaman nasu haka ta faru da su: a 1973 Phil ya fasa jitarsa a gaban jama'a ya fice, sai a 1983 suka shirya a Landan. A 2003 aka ga su huɗun a dandali ɗaya. Phil ya mutu a 2014, Don kuma a 2021.

Mai karatu, in ka tashi daga kasuwa ko wurin aiki, nemi ɗaya daga cikin waƙoƙin nan ka saurara. Ko ba ka jin Turanci, bi murya ɗaya da kunnenka, sa'an nan ka maimaita ka bi ɗayar. Nan za ka san irin haƙurin da mutum biyu suka yi da juna kafin ta fito haka.