Sankarar mama: Nawa ne ke kaiwa ga marasa lafiya daga kuɗin rigunan da ake sayarwa?

A shekarar 1994 ne kantunan tufafi a Amurka suka fara sayar da wata farar riga mai gajeren hannu. Babu wani ado a jikinta sai zanen da'irori masu launin shuɗi da fari a ƙirji, irin abin da masu koyon harbi ke saitawa. An sayar da guda 400,000, aka tara dala miliyan 2 domin binciken cutar sankarar mama.

Mutuwar wata 'yar jarida ce ta haifar da rigar. Nina Hyde, editar sashen kwalliya ta jaridar Washington Post, ta rasu a 1990 bayan shekaru tana fama da cutar. Abokinta, fitaccen mai tsara tufafi Ralph Lauren, shi ya zana tambarin, sannan ya jawo ƙungiyar masu tsara tufafi ta Amurka, CFDA, suka kafa gangamin Fashion Targets Breast Cancer. Kuɗin farko sun tafi cibiyar binciken da aka sanya wa sunan marigayiyar a Jami'ar Georgetown. Brazil ta ɗauki salon a 1995, Birtaniya ta bi sahu a 1996.

Amfanin rigar bai tsaya ga kuɗi ba. A lokacin mata da yawa ba sa iya ambaton cutar ko a gaban danginsu. Da shahararrun masu tallan kaya suka fara fitowa sanye da ita a mujallu, sai abin da ake raɗa a ɗaki ya zama abin da ake yawo da shi a titi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga cutar da saurin gano ta ke raba mai warkewa da mai rasa rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 an gano cutar a jikin mata miliyan 2.3, kuma ta kashe 670,000.

Shi kuwa ƙyallen nan mai launin ruwan hoda da ake maƙalawa a ƙirji duk watan Oktoba, da rigima ya fara. Wata dattijuwa a jihar Kalifoniya, Charlotte Haley, wadda cutar ta kama kakarta da 'yar'uwarta da 'yarta, ta riƙa haɗa ƙyallaye da hannunta a gida tana rabawa. Tare da su akwai kati mai ƙorafin cewa kashi 5 cikin 100 kacal na kasafin cibiyar kansa ta ƙasar ake kashewa kan rigakafi. Mujallar Self ta nemi ta ba su damar amfani da ƙyallen, ta ƙi, don tana ganin kasuwanci za a yi da shi. Sai aka sauya launi kawai. A 1992 mujallar da kamfanin kayan shafe-shafe na Estée Lauder suka fito da mai ruwan hoda, aka raba shi a kantuna.

Abin da Haley ta ji tsoro bai daɗe ba ya bayyana. Launin ya koma hanyar talla: riguna, huluna, takalma, har da soyayyiyar kaza. Mai saye na ganin tambarin sai ya ɗauka kuɗinsa asibiti za su tafi, alhali babu wanda ya mallaki ƙyallen, kowane kamfani na iya buga shi ko da bai ba da sisi ba.

A 2013 kafar Business Insider ta yi lissafin kayan ruwan hoda na hukumar NFL, mai shirya gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurkawa. A duk cinikin dala 100, dala 12.50 ke zuwa hannun hukumar, ita kuma ta miƙa dala 11.25 ga ƙungiyar American Cancer Society. Ragowar na masu ɗinki da masu kanti ne. Ba a ce an saci komai ba. Amma wanda ya sayi rigar dala 100 da niyyar sadaka, da ya tura kuɗin kai tsaye da ya ninka gudummawarsa kusan sau tara.

Tun 2002 ƙungiyar Breast Cancer Action ke gangamin jan hankalin masu saye su yi tambaya kafin su zaro kuɗi. Nawa ne daga farashin zai tafi taimako, kuma wace ƙungiya za ta karɓa? Akwai kuma tambayar da mutane suka fi mantawa: shin kamfanin ya ƙayyade iyakar abin da zai bayar? Wasu kan yi alƙawarin wani adadi, da zarar an cika shi sai cinikin da ya biyo baya ya zama ribarsu zalla, tambarin kuma yana nan a jikin kayan.

Waɗannan tambayoyi sun shafi Najeriya, inda alƙaluman hukumar binciken kansa ta duniya na 2022 suka nuna an samu sabbin masu cutar fiye da 32,000, kuma kimanin 16,000 sun mutu. Likitoci sun daɗe suna kokawa cewa yawancin mata ba sa zuwa asibiti sai cutar ta yi nisa, wasu bayan an sha magungunan gargajiya na "daji" an gaji. Ƙungiyoyi irin su BRECAN, wadda Betty Anyanwu-Akeredolu ta kafa a 1997 bayan ita kanta ta warke, da gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, kan shirya tattaki a watan Oktoba, inda jama'a ke fitowa cikin riguna iri ɗaya kamar masu ankon biki. Duk wanda aka miƙo wa riga a irin wannan taro, ko aka tallata masa a Instagram, yana da damar tambayar ko kuɗin za su biya wa wata hoton mama ne, ko kuwa a wurin mai buga rubutu za su ƙare.

Wasu rigunan ma ta dilar gwanjo suke shigowa. Wadda aka buga don tseren tara kuɗi a wani gari na Amurka ko Ingila kan ƙare a kasuwa irin ta Ƙofar Wambai a Kano, da ƙyallenta da sunan gangamin da shekararsa. Gudummawar da ke cikinta an riga an karɓe ta a can tun ranar da aka fara sayar da ita. Wadda ta saya a nan, idan ta ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko ta ga kan nono ya shige ciki ko yana fitar da jini, daga aljihunta ko na danginta za a biya kuɗin gwajin farko a mafi yawan lokuta.