Yadda A Ke Kiwon Dokin Hawa

Jama'a, duk wanda ya tsaya a ƙofar fada ranar Hawan Daushe a Kano, ko ranar Hawan Bariki a Katsina ko Zazzau, ya ga dawaki sun sha ado suna taƙama, ya kan koma gida da murna, ya ce lalle har yanzu ƙasar nan ba ta rabu da doki ba. Gaskiya ne kuwa. Hawan da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna cikin 1956 har yau tsofaffi suna labarinsa, ga shi kuma cikin Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya waɗanda ya kamata a adana. Amma mu abin da mu ke so ku gani ba a ƙofar fada ya ke ba. Ku bari sai kwana uku bayan Salla, sa'an nan ku zaga ku leƙa barga. Nan za ku tarar da wani yana ɗingishi, wani bayansa ya sale, wani bakinsa ya tsage ba ya iya cin ko ɗanyar ciyawa, wani turken kuwa sai igiya kaɗai.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, doki ma'aikaci ne kamar ubangidansa. Da shi hakimi ya ke rangadi, da shi malamin haraji da malamin daji da malamin dabbobi su ke shiga ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Dokin da ya ke tafiya kullum jikinsa a murɗe ya ke, mai shi kuma ya san halinsa, da ya ga kunnensa ya langaɓe ya san da magana. To, babur da mota sun karɓe wannan aiki. Dawaki da yawa yanzu a turke su ke shekara, ba a tunawa da su sai watan Salla ya tsaya.

Mun taɓa ganin ƙarshen irin wannan kiwo da idonmu. Wani abokinmu, malamin makaranta, ya tara kuɗi shekara da shekaru ya sayi wani bikili kyakkyawa, don ya riƙa bin hakimin garinsu hawa. Ya ɗaure shi a bayan gida, wata da watanni ba kilisa. Da Salla ta rage mako biyu, sai ya ce a buɗe masa bakin buhu, wai don ya yi ƙiba ya cika sirdi. Aka yi ta zuba masa dawa safe da yamma. Ranar hawa aka ɗaura sirdi tun hantsi, ba a kwance ba sai bayan la'asar. Da komowa yaron doki ya ga ya wahala, ya tausaya masa, ya cika masa komi da hatsi. Kafin lisha doki ya fara tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, ya kwanta ya tashi, ya kwanta ya yi birgima, gumi na zuba. Aka ɗura masa jiƙo, aka yi masa lalas, duk a banza. Kafin asuba ya mutu. Jama'a suka ce baki ne, waɗansu suka ce sammu. Mu dai mun ce alheri ne aka yi masa ba bisa sani ba.

Abinci Da Ruwa

Abin da ya kamata kowane mai doki ya fara sani shi ne, cikin doki ba irin na saniya ba ne. Saniya tana da babban tumbi, ta cika shi, ta koma inuwa ta yi tuƙa. Doki duk girmansa tumbinsa ƙarami ne, abin da ya ke ɗauka bai fi lita 15 ba, watau bai kai garwa guda ba. Ba ya tuƙa, ba ya kuwa iya amai, abin da ya shiga sai dai ya wuce gaba. Allah ya halicce shi ya riƙa ci kaɗan kaɗan, in aka sake shi a makiyaya ya kan yi wajen sa'a 16 a rana yana tsinkar ciyawa. Sabo da haka wanda ya bar shi da yunwa wuni zubur, sa'an nan ya tula masa hatsi a tashi ɗaya, ya saɓa wa halittarsa. Hatsin da ya yi yawa ya kan zarce cikin hanji bai narke ba, ya yi tsami, ya kumbura ciki. In bai kashe ba, ya kan sauka a kofato, ka ga doki ya tsaya ya miƙa ƙafafun gaba, ya ƙi takawa, kofato da zafi kamar an gasa. Wanda wannan ya kama da ƙyar ya ke komawa yadda ya ke.

Ga lissafi mai sauƙi. Doki yana bukatar busasshen abinci kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kowace rana. Dokinmu na gida matsakaici, mai nauyin kilo 350, zai ci kilo 7 ke nan. Mafi yawan wannan ya zama ciyawa da ingirici da harawa, hatsi ya zama ƙari gwargwadon aikin da ya yi. Kada hatsin ci ɗaya ya wuce kilo ɗaya da rabi, a raba shi sau biyu ko uku a rana. Da gangan muka ce kilo ba mu ce mudu ba, don ku malaman ofis kun fi kowa sanin mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. A auna kwanon barga sau ɗaya a sikeli, a san abin da ya ke ɗauka. Ranar da doki bai fita ba a rage masa hatsi. In kuwa za a sake masa abinci, ko daga busasshiya zuwa ɗanyar ciyawa da farkon damina, a yi shi sannu sannu cikin kwana 7 zuwa 10.

Kiri-kiri da harkiya ciyayi ne masu kyau ga doki, harawar wake da ta gyaɗa kuwa ba ta da na biyu a ƙasarmu, in an adana ta bisa rumfa inda ruwa ba ya taɓa ta. A sansana ta kafin a ba shi, wadda ta yi fumfuna a zubar, kome tsadarta. A kiyaye shi daga gyauron dawa, wannan manoma sun daɗe da sanin dafinsa. Dusa tana da arha, shi ya sa waɗansu su ke mai da ita abincin kullum, amma doki in ya daɗe a kan dusa da hatsi ba harawa, ƙashinsa ya kan yi laushi, har ƙasusuwan fuska su kumbura. Kada kuma a zuba masa abinci a kan rairayi, don yashin da ya ke haɗiya taruwa ya ke a hanji. Akwai wani haɗari sabo wanda iyayenmu ba su sani ba: abincin kajin gidan gona na buhu ya kan zo da wani magani a ciki wanda kaza ba ta jinsa, amma kaɗan daga cikinsa ya isa ya lalata zuciyar doki. Ko kyauta aka ba ku, kada ya kusanci komi.

Ruwa kuwa, garwa biyu a rana, da bazara har uku, mai tsabta irin wanda mutum zai iya sha. Kanwa al'adarmu ce tun kaka da kakanni, ba mu ce a bari ba, amma a yi ta jefi jefi, don yawanta zawo ya ke sawa. Gishiri ne doki ya ke zubarwa cikin gumi, a ajiye masa inda zai lasa in ya so.

Turke Da Kilisa

Ba mu ga laifin turke ba, gidajenmu na birni ba su da filin da za a saki ingarma. Laifin shi ne a mai da turke kurkuku. Doki yana bukatar ya fita kullum, ko da na rabin sa'a ne, da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya. In mai shi yana ofis, yaro ya ja shi da ragama, ya kai shi inda zai yi birgima. Wanda ya ke nufin hawan Salla ya fara shiri tun da sauran mako shida ko takwas: tafiya tukuna, sa'an nan sassarfa, sukuwa sai can daga baya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu wasan folo sun riga mu gane wannan. Marigayi Sarkin Katsina Usman Nagogo ya yi suna a wannan wasa har ƙasashen waje, kowa kuwa ya san ba a shiga filin folo da dokin da aka kwance daga turke jiya.

A yi masa rumfa mai iska, a ɗan karkata daɓen don fitsari ya gangara, a kwashe kashi safe da yamma. Dokin da ya ke tsayuwa cikin danshi ƙarƙashin kofatonsa ya kan ruɓe, ya yi baƙi da wari. A ɗaga ƙafa huɗun nan kowace safiya a sakace su, a duba ko tsakuwa ko ƙusa ta shige. A yanke kofato duk bayan mako shida zuwa takwas, a hannun wanda ya iya, don kofato ya kan yi kusan shekara kafin ya sabunta daga sama har ƙasa, ɓarnar wuƙa ɗaya sai a daɗe ana jinyarta. Dawakinmu yawanci ba a sa musu takalmin ƙarfe, a ƙasa mai laushi ba su bukata, amma kwalta tana cin kofato, tana kuma da santsi. Samarin da ke zamiya a kan titi ranar angwanci, da dokin aro ko na haya, su ne suka fi kowa karya dawaki a zamanin nan.

Sirdinmu na gargajiya katako ne mai nauyi, ga jalala da sauran kayan ado a kai. In zubka ta yi ƙarfi da busasshen gumi, ko ta naɗe, kafin a sauka baya ya sale. A shanya ta bayan kowane hawa, a kakkaɓe, a goge bayan doki kafin a ɗora. Dokin da ke da miki a baya ba a sa masa sirdi sai ya warke sarai, ko da ranar Hawan Nassarawa ce. Haka linzaminmu mai zobe, ƙarfinsa ya isa ya tsaga harshe. Gwanin mahayi da yatsa biyu ya ke sarrafa shi, wanda ke fizgarsa har jini ya fito don a ce ya iya, shaida ya ke bayarwa a kan kansa. In kun ga doki yana tauna yana zubarwa, ko hatsi yana fita cikin kashinsa ɗungum, a sa likita ya duba haƙoransa, don su kan yi kaifi su yanki kumatu.

In an sauka daga hawa a sassauta majayi, a zaga da shi a hankali har numfashinsa ya daidaita. Da ana cewa kada a taɓa dokin da ya yi gumi da ruwa, amma binciken likitoci ya nuna zuba masa ruwa a jiki shi ne hanya mafi sauri ta sauke zafi. A ba shi ya sha, a sa masa ciyawa, hatsi kuwa sai ya huce sarai, bayan sa'a guda ko fiye.

Ciwo

Ku da kuka saba da rajista, ga wata da za ku buɗe: littafin barga. A rubuta ranar yankan kofato, da ranar maganin tsutsar ciki, da ranar allura. A sayi ma'aunin zafi a kantin magani. Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin 37.5 da 38.5, numfashinsa in yana hutawa 8 zuwa 16 a minti, bugun zuciya 28 zuwa 44. Wanda ya san na dokinsa lokacin lafiya, zai gane ciwo tun bai kwantar da shi ba.

Doki ya fi yawancin dabbobi saurin kamuwa da ciwon nan na sandarewar jiki, wanda ke shiga ta hujin ƙusa ko miki mai datti, akwai kuwa allurar rigakafinsa. Kaska tana kawo zazzaɓi mai sa ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu. A cire ta kullum, amma a yi hattara da maganin feshin shanu, don mai amitraz a ciki dafi ne ga doki. Tsando da bobuwa suna kawo sammore, tsando ne ma ya hana dawaki zama a kurmi tun zamanin da. Akwai kuma wani mugun ciwo da waɗansu ƙwari ƙanana, waɗanda ba su kai sauro ba, su ke yaɗawa da magariba da asuba, ya kumbura kai, ya cika huhu da ruwa. Dawakinmu na gida su kan jure masa, amma waɗanda aka sayo daga ƙasashen waje ya kan yi musu kisan kiyashi, kamar yadda ya faru a Ikko cikin 2007. Hayaƙin da tsofaffin 'yan barga ke turarawa da yamma ba camfi ba ne, ƙwari ya ke kora. Murar da ta ɓarke a wajen Sakkwato da Nijar daga ƙarshen 2018 zuwa 2019, ta kashe jakuna da yawa ta kwantar da dawaki, ita ma ta koya mana abu guda: sabon doki daga kasuwa a ɗaure shi dabam mako biyu ko uku, da bokitinsa dabam, kafin a haɗa shi da na gida.

Lalas da ɗure da allurar ɗan koyo sun kashe dawaki da yawa waɗanda ciwon kansa da bai kashe su ba. Ɗure musamman, in ya kuskure hanya huhu ya ke shiga. In doki ya fara alamun ciwon ciki irin waɗanda muka faɗa a sama, a ɗauke abinci daga gabansa, a zaga da shi a hankali, a aika wa likitan dabbobi nan take, kada a jira gari ya waye. Akwai ofishin dabbobi na gwamnati a kowace jiha, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ga kuma ma'aikatar binciken ciwon dabbobi ta Vom, wadda ta ke aiki tun 1924. A nemi lambar wayar likita tun doki yana lafiya, a rubuta ta a shafin farko na littafin barga.

Mun san cikin masu karatunmu akwai 'ya'yan Shamaki da jikokin zagage, waɗanda suka tashi a gindin turke, suka san abin da mu ba mu ambata ba. Muna roƙonsu su rubuto wa Edita, musamman a kan kiwon goɗiya mai ciki da horon dukushi, za mu buga a wannan fili in Allah ya yarda.