SharePoint: abin da ya kamata mai ƙera tubalin shafi ya kiyaye

Kamfanin Microsoft ya tsayar da 2 ga Afirilu 2026 a matsayin ranar da tsohon tsarin SharePoint Add-ins ke daina aiki a Microsoft 365. Ma'aikatu da ƙungiyoyin da suka dogara da shi babbar mafitarsu ita ce SharePoint Framework, wato SPFx, wanda ya fito a 2017. Da shi ake ƙera tubalan shafi, waɗanda masu aiki da Faransanci suka sani da sunan « composant WebPart ».

Matsala ta farko tun wajen girkawa take. Kowane zubi na SPFx yana da zubin Node.js da na React da ya yarda da su. Wanda ya ɗauko sabon Node.js don kawai sabo ne zai kwana yana fama da kurakurai marasa kan gado. A duba jadawalin Microsoft kafin a taɓa komai.

Amma inda aka fi faɗuwa shi ne wajen ɗauko bayanai. Tubalin da ke gudu lafiya a kan jerin gwaji mai layi ashirin yakan ƙi motsi ranar da jerin ya wuce layi 5,000, iyakar da SharePoint ya sa wa buƙata guda. Maganin shi ne a sa wa ginshiƙan da ake tacewa da su fihirisa tun jerin yana ƙarami, a nemi ginshiƙan da ake buƙata kaɗai da $select, a riƙa ɗaukowa kashi-kashi. Idan kuma sabar ta mayar da lamba 429, ba lalacewa ta yi ba, cewa take an matsa mata. Tana aiko da adadin daƙiƙun da za a jira, sai a jira. Sake bugawa nan take ƙara tsawaita hukuncin yake yi.

Nauyi ma abin dubawa ne. Duk ɗakin lambobi da aka cusa a kunshin, burauzar ma'aikaci ce za ta sauke shi, kuma wanda ke reshen ofis mai raunin intanet shi zai ji a jikinsa. Ɗauko babban ɗaki don gyara kwanan wata kaɗai ɓarna ce.

Rubutun maɓallai kuwa kada a binne shi cikin lambobi. A zuba shi a jakar loc, fayil fr-fr.js na Faransanci, en-us.js na Ingilishi.

Sai izini. Wanda shugaban tsarin ya amince wa tubali guda a kan Microsoft Graph yakan shafi sauran tubalan ma'aikatar, don haka idan karatu ya isa, kada a nemi izinin rubutu.