Fitilar da ke faɗin inda allo ke ciwo

Yawancinmu a kwamfuta muka fara ganin wasan pinball. Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwar kwamfuta mai Windows XP, a makarantar koyon kwamfuta ko a ɗakin yayansa, zai tuna Space Cadet, wasan da ake harba ƙwallo sama, a riƙa tare ta da 'yan sanduna biyu kada ta faɗa rami. Ashe wannan kwaikwayo ne. Na ainihin babban teburi ne mai ƙafa huɗu da murfin gilashi, ƙwallonsa ta ƙarfe ce, cikinsa kuma wayoyi ne birjik. Gidansa Amurka, musamman birnin Shikago, inda kamfanonin Bally da Williams da Gottlieb suka yi suna wajen ƙera shi. Hukumomin birnin New York ma sun taɓa haramta shi a 1942 bisa cewa caca ce, ba su janye ba sai 1976.

Abin da ya haɗa mu da shi jinga ce. A zangon da ya wuce, malaminmu na darasin lantarki ya raba mana zanen allon da ke sarrafa injinan Bally na daga 1977 zuwa farkon shekarun 1980, lokacin da kamfanin ya bar tsohon tsari ya koma amfani da ƙwaƙwalwar Motorola 6800. Tambaya ɗaya ya rubuta a ƙasa: an kunna inji, fitilar allo ta ƙifta sau shida ta tsaya, wasa ya ƙi tashi. Me ya lalace?

Maki goma ne a kai. Mun zauna a ƙarƙashin bishiya mun yi ta gardama, aka tashi a kan cewa ƙwaƙwalwar ce ta mutu, a canja ta. Haka muka saba ji a wurin masu gyaran waya: ayisi ne ya tafi.

Mun faɗi warwas.

A jikin allon akwai wata 'yar fitila guda ɗaya. Da zarar an ba inji wuta sai allon ya shiga binciken kansa, kuma duk gwajin da ya tsallake sai fitilar ta ƙifta. Lafiyayyen allo sau bakwai yake ƙiftawa. Na farko yana nufin umarnin wasan da aka adana yana nan daidai. Na biyu da na uku na ma'adanan bayanai biyu ne, na huɗu da na biyar na ayisi biyu ne masu hulɗa da maɓallai da fitilu da koyil. Na shida na da'irar da ke ba allunan nuna maki lokaci ne. Na bakwai kuwa ba ya zuwa sai allon ya ji alamar wutar bolt 43, wadda ke tafiyar da koyil-koyil ɗin da ke bugun ƙwallo.

Ke nan allon da ya ƙirga har shida ya riga ya shaida cewa ƙwaƙwalwarsa ƙalau take, domin matacciya ba ta ƙirge. Mafi yawan lokaci fiyus ɗin wutar bolt 43 ne ya yanke, a wani allon daban ma. Da injin gaske ne a gabanmu, da mun tumɓuke lafiyayyar ayisi mai ƙafa 40 daga allon da ya haura shekara arba'in, wataƙila mu lalata mazauninta, alhali fiyus yana can a yanke yana jiranmu.

Bayan an raba takardu ne muka koma muka karanta yadda masu gyaran waɗannan injina a Amurka suke aiki, sai muka ga babban abokin gabar allon ba wani ba ne illa batirinsa. An liƙa wani batiri mai bolt 3.6 da dalma a gindin allon, don ya riƙe maki mafi yawa da saitin inji idan an kashe wuta. Shekaru na tafiya, batirin ya fara yoyo. Ruwan yana bin siraran layukan tagulla yana ci, ya shiga ƙarƙashin ayisi, ya bar kore-kore da fari-fari. Ma'adanin da batirin ke ciyarwa, mai lamba 5101, yana kusa da shi, shi ya sa allon da ya ƙifta sau biyu ya tsaya ake fara duba wannan kusurwa.

Nan ma mun yi kuskuren zato. Mun ɗauka asid ne ke fita, kamar na batirin mota. A'a, dangin ruwan toka ne, don haka da abu mai tsami ake kashe kaifinsa, yadda tsamiya ke karya kanwa a tukunya. Masu gyara kan cire batirin, su wanke wurin da ruwan khal da aka sirka, su ɗauraye, su bar shi ya bushe sarai, sannan su kankare layukan har tagulla ta fito, su canja duk abin da ruwan ya taɓa. Sabon batiri kuma ba ya komawa jikin allo. A gefe ake ajiye shi a ja masa waya, ko a sa ma'adanin zamani da ba ya buƙatar batiri.

Sai batun koyil. Kusan kowane koyil yana da taransisto da ke kunna shi na ɗan lokaci kaɗan, da dayod da ke shanye wutar da ke dawowa idan an kashe shi. In dayod ta mutu, wutar nan kan kashe taransisto, shi kuma ya bar koyil a kunne har ya ƙone. Wanda ya sa sabon taransisto bai duba dayod ba, zai sake saye. Akwai kuma haƙoran da wayoyi ke shiga allo, waɗanda zafi da girgizar wasa ke tsattsaga dalmarsu, inji ya yi aiki yau gobe ya ƙi. Wannan ko mita ba ta cika kama shi da sauri ba, sai ido da haƙuri.

Gargaɗi ga ƙannenmu masu son buɗe kaya: allunan nuna maki na waɗannan injina suna aiki da wutar da ta kai bolt 190, kuma kafasito yana iya riƙe wuta bayan an zare soket. Haka abin yake a tsohuwar talabijin.

A cikin rukuninmu na mutum biyar, ɗaya ce kawai ta ce a duba fiyus, muka rinjaye ta da surutu. Maki uku muka samu. Da muka je hutu, ɗayanmu ya buɗe bayan rediyon mahaifinsa da aka jingine tun bara bisa cewa ta lalace, ya tarar da farin gari ya cinye sifirin ɗin batiri. Ya goge da khal da tsohon buroshi, ya shanya, ya sa sabon batiri. Da yamma tsohon ya ji labaran ƙarfe shida a cikinta.