2.3 Gidajen Silima da Tsarin Birnin Kano

Idan ana son fahimtar matsayin silima a idon mutanen Kano, wajibi ne a fara duban inda aka gina gidajenta. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai suka kasa garin kashi-kashi. Birni, watau cikin ganuwa, ya ci gaba da zama ƙarƙashin Sarki da alƙalansa. Turawa suka keɓe wa kansu Nasarawa. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu. Fagge kuwa, tsohon zangon fatake, ta zauna a tsakani.

Wannan rabo bai tsaya ga filaye ba, har da abin da aka yarda a yi a kowane yanki. Giya da gidajen rawa ba su da wuri a Birni, saboda haka suka taru a wajen ganuwa. A can ne kuma aka buɗe gidan silima na Rex a 1937, sannan wasu suka biyo baya, irin su Plaza da Eldorado, galibinsu mallakar Kwarori. Ke nan tun kafin Bakano ya san abin da ake nunawa a ciki, maƙwabtan ginin sun riga sun ɓata masa suna. Abin lura shi ne, majigin da gwamnati ke haskawa kyauta a fili, har a ƙofar fada, bai gamu da irin wannan ƙyama ba, alhali shi ma hoto ne mai motsi.

Abubuwa biyu suka ƙara tabbatar da wannan ra'ayi. A 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya, mutum 331 suka rasu, mutane da yawa kuma suka fassara ta da cewa fushin Allah ne. A daidai wannan lokaci aka gina silimar Palace a Jakara, kusa da kasuwar Kurmi, wato a tsakiyar Birni. Malamai da jama'ar unguwa suka yi tir da ita, har sai da aka sa 'yan doka suka kama samarin da suka fito nuna ƙin amincewa. Ba finafinan ne suka canza ba, iyaka ce aka ƙetare. Daga baya an mayar da ginin asibiti.

Zuwan kaset ɗin bidiyo ya sauya lissafin. Tun daga fitowar Turmin Danya a 1990, fim ya shiga ɗakunan matan aure a cikin Birni ba tare da an gina masa ko bulo ɗaya ba, harkar kuma ta koma shagunan Ƙofar Wambai da ofisoshin titin gidan Zu. Amma da Gwamnatin Tarayya ta ce za ta gina alƙaryar finafinai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a 2016, malamai suka tashi tsaye a kan mumbari, aka janye shirin.